Ba Korar Yaya Aka Yi Daga Aikin Lauya Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Yaya dai ya riga mu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, cikin kaka, mutane suna gona suna ɗaurin hatsi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa a maƙabartar Filinge, kusa da mahaifinmu. Ni ce ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma cikin mu biyar ni kaɗai na rage. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyar da yara a lekwal, wato makarantar boko, don haka idan na ga kuskure hannuna ƙaiƙayi yake yi har sai na gyara. Gyara ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Zaman makoki ya cika fiye da yadda muka zata. Manoma sun bar dammunansu a gona sun zo daga Tabla da ƙauyukan Tondikandiya, wasu a kan babur, wasu a amalanken jaki. Wata tsohuwa Bazabarma daga wajen Damana ta riƙe hannuna tana ta maimaita "fonda tilas", gaisuwarsu ta mutuwa, har hawayen da nake ɓoyewa tun safe suka zubo. Lauyoyi biyu sun zo daga Yamai cikin mota mai sanyi. Ɗaya ya yi ta duba agogo. Ɗayan, wanda Yaya ya koya wa aiki tun yana sabon shiga, ya zauna a ƙasa cikin manoma da farar shaddarsa, ya yi kuka bai ɓoye ba, kuma bai tashi ba sai da rana ta yi sanyi.

Ina cikin gida wajen mata sai ga matar wani tsohon ma'aikacin gwamnati, turarenta ya riga ta shigowa. Ta zauna kusa da matar Yaya, ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji addu'arta, ta kira Yaya da sunan da gari ya san shi da shi.

"Allah shi jiƙan Metir. Allah shi yahe mai, har da abin da yas sa anka kore shi."

Mata suka ce amin. Ni ban ce ba. Na buɗe baki ke nan matar Yaya ta matse min ƙafa ta ƙarƙashin zane, na haɗiye maganar. Ba ranar na fara jin wannan zance ba. Shekara ashirin da wani abu ke nan ana yawo da shi a garin nan. Wasu su ce gadon marayu ya ci aka karɓe masa baƙar rigar lauya. Wasu su ce alƙali ya zaga. Masu tausayi su ce sammu aka yi masa, don babu mai hankalin da zai bar ofis da fanka a Yamai ya dawo nan ƙasar Kurfai yana kokawa da hauya. Shi kuma mai abin bai taɓa musantawa ba, ni ma ya sa na yi masa alkawarin yin shiru.

Ranar sadakar uku babban ɗansa ya same ni a bayan rumbu. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ma'aikacin jinya, amma ya tsaya gabana yana wasa da maɓallin rigarsa, ya kasa kallon idona.

"Gwaggo, don Allah hwaɗa min gaskiya. Korar Baba anka yi?"

Nan na gane shirun Yaya ya ci har cikin gidansa. Idan karya alkawari ne wannan rubutu, Allah ya gafarta min, amma ba zan bar ɗa yana sunkuyar da kai a kan abin da bai faru ba.

Yaya shi ne ɗan farin innarmu. Lokacin da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai lekwal, mahaifinmu bai yi dogon tunani ba. Ya ce wannan ko an bar shi a gona asara ce, tunda layin shukarsa yakan fara a gonarmu ya ƙare a ta maƙwabci. Abin da Allah ya hana shi a hannu ya ba shi a baki. Idan aka aike shi kasuwa sayen gishiri, sai ya dawo ba gishiri, amma da cikakken hukuncin rigimar da ya tarar a wajen masu awaki. Ya yi karatu a nan, ya wuce Yamai, ya ƙetare ƙasa, ya dawo lauya. A wajenmu Metir ake ce wa lauya, sunan kuwa ya bi shi har ya danne na yanka.

Gajere ne mai babbar murya. Tabaransa kullum ƙafa ɗaya a karye take, ɗaure da zare, ko a lokacin da yake da halin sayen goma. Idan ya cire tabaran nan yana gogewa da bakin riga a tsakiyar gardama, wanda ya san shi ya san an gama, tarko ya kama. Yana son kopto, kwaɗon zogalen Zabarmawa, har in ya zo hutun salla innarmu kan ce ba ɗa ta haifa ba, akuya ce. Yana kuma son nasara fiye da kopto. Ko dara ya zauna yi da tsofaffi a bakin kasuwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Yakan ce takarda ba ta jin kunya, sai dai mai riƙe da ita, ya faɗa yana dariya, don a lokacin yana ganin wannan ƙarfin takarda ne.

Ni kuwa na ci moriyar sunansa, ba zan ɓoye ba. Ƙanwar Metir ake ce min. Mahauci kan zaɓo min tsoka, darektan lekwal kan sassauta murya in zai yi min faɗa. Na yi taƙama da shi har na gaji da kaina.

Wanda ba ɗan nan ba sai na yi masa bayanin aron gona, don a kanta komai ya tsaya. Idan baƙo ya zo gari, ko wani ya rasa wurin noma, mai ƙasa kan ara masa gona. Ba a rubuta komai. Sharaɗin shi ne mai aro ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, kuma duk kaka zai ɗauki dami ɗaya na hatsi ya kai ƙofar mai gonar da rana tsaka, mutane suna gani. Damin nan ba haya ba ne, dami ɗaya me zai ƙara wa rumbu? Shaida ce. Shi ne ke tuna wa gari duk shekara cewa gonar tana da mai ita.

A wani ƙauye gabas da Tabla, garin su innarmu, wani mutumin kirki ya ara wa baƙo gona. Aka yi shekarun fari a jere, baƙon ya kawo dami alhali 'ya'yansa ba su ƙoshi ba, mai gonar ya ji nauyi ya ce ya mayar, ya yafe. Badi ma ya yafe. Daga nan kunya ta hana shi tambaya, shi kuma baƙon ya daina kawowa. Duk suka mutu. Bayan shekaru masu yawa ɗan mai gonar, wanda shi ma ya tsufa, iyalinsa sun yi yawa, ya nemi gonar ubansa. Jikan baƙon kuwa ya zama babban ɗan kasuwa a Yamai. Ya ce gonar gadonsa ce, in ba haka ba a nuna masa wanda ya taɓa ganin an kai dami. Aka zauna gaban mai gari ba a daidaita ba, magana ta kai gidan shari'a. Ɗan kasuwa ya ɗauki Yaya.

Ban halarci shari'ar ba, daga bakinsa na ji. Ya ce da farko abin ya so ya karkata wajen tsohon, don an sami wata gyatuma da ta tuna tana yarinya ta ga ana kai dami gidan. Shaida ɗaya ce, mai rauni, amma alƙalin ya saurare ta da kyau. A nan Yaya ya tuna wani abu da innarmu kan ba mu labari muna cin tuwo. A gidan su tsohon nan ba a rantsuwa da Alƙur'ani. Wani kakansu ya taɓa rantsewa a kan rijiya, da gaskiyarsa, amma kafin kaka ta zagayo ya binne 'ya'ya uku, tun daga nan zuriyar ta ɗauki alkawari ko za a yanka su ba za su sake dafa Littafi a kan abin duniya ba. Duk ƙauyen an san haka. Alƙalin baƙo ne daga gabas, bai sani ba. Yaya ya cire tabarau, ya goge, ya roƙi kotu cewa tunda babu takarda, mai nema ya rantse a ba shi gonarsa.

Roƙo ne da doka ta yarda da shi, alƙalin bai yi kuskure ba da ya karɓa. Aka kawo malami da Littafi. Tsohon ya yi alwala, ya matso, ya tsaya, sai ya mayar da hannuwansa biyu baya.

"Gonag ga tamu ta, kowa ya sani. Amma ba ni aza hannu ga Littahi don ƙasad da za ta ci ni gobe."

Sau uku alƙali yana tambayarsa, sau uku yana maimaita wannan. Gona ta tafi. Yaya ya ce yana tattara takardunsa a bakin ƙofa tsohon ya zo wucewa, ya tsaya, ya dube shi, ya kira sunan innarmu na yarinta, wanda mu kanmu ba ma faɗa, ya tambayi lafiyarta, ya ce a gaishe ta. Ya wuce abinsa. Ɗan kasuwa ya yanka rago ya aiko wa Yaya da cinya, matar Yaya ta ce har naman ya ƙare bai sa shi a baki ba.

Yanzu bari in yi wa masu addu'a da ƙarin bayani darasi, tunda aikina ne. Lauyan da ya yi laifi, 'yan'uwansa lauyoyi ne ke zama, su kira shi, su saurare shi, su goge sunansa daga jerinsu. Wannan ita ce kora, kuma ba a yin ta a ɓoye. Wanda ciwo ko wani muƙami ya ɗauke, jingine sunansa ake yi har ya dawo. Shi kuwa wanda ya ce ya ajiye don kansa, ba a ce masa sauka lafiya nan take. Sai ya rubuta wa shugaban lauyoyi, wanda suke kira batoniye. Sai an bincika ko akwai mai ƙara a kansa, don kada mai laifi ya sulale ta ƙofar murabus. Sai ya sallami duk wanda ya damƙa masa shari'arsa, ya mayar wa kowa takardunsa, ya ga cewa ba a bar kowa a tsakiyar ruwa ba. Da Yaya yana da ko ɗigon laifi, da wannan binciken ya tono shi.

Wata biyar ya yi yana wannan sallama. Ya bi dosiye, wato kundin takardun kowace shari'a, ɗaya bayan ɗaya, yana kiran masu su yana gaya musu wanda zai riƙe su bayansa. Akwai wata bazawara mai shari'ar gida da ta zauna a ƙofar ofishinsa ta ce ita ba ta san kowa ba sai shi. Ya ɗauke ta a motarsa ya kai ta wajen abokin aikinsa, ya zauna da su har sau uku, ranar shari'arta kuma ya je ya zauna a bencin baya cikin 'yan kallo don ta waiga ta gan shi. Wasiƙar murabus ɗinsa layi uku ce, dalilin da ya bayar shi ne dalilai na kansa. Batoniye ya kira shi ya ce in gajiya ce a jingine sunansa shekara ɗaya ya huta. Yaya ya ce wanda ya jingine sanda yana da niyyar dawowa ɗauka. Aka ce to ya karɓi sunan girmamawa da ake bai wa tsofaffin lauyoyi, ya ce a ajiye wa masu bukata. Da takardar amincewa ta fito ya kai katinsa da hannunsa, ya naɗe baƙar rigar ya ba yaronsa na aiki, wannan da ya yi kuka a makoki. Ya sayar da mota, ya hau ta haya da littattafansa da katifa, ya iso Filinge ana jiran ruwan shuka.

Ina koyarwa a Bonkuku lokacin. Da labari ya iske ni ban jira hutu ba, na zo da wutata. Na same shi a tsakar gida yana ƙoƙarin sa wa hauya ƙota, abin ya gagare shi. Na tambaye shi wace doka ya taka. Ya ajiye hauyar ya ba ni labarin da na ba ku, sannan ya ce:

"Ban taka ko ɗaya ba, shi na abin. Da na taka doka, da an samu mai hukunta ni in huta. Abin da inna taf hwaɗa muna bakin akushi, shi niɗ ɗauka nis soki mutumin garinsu. Babu kotun da ka shari'ar wanga."

Na ce to ya koma ya tsaya wa tsohon a ɗaukaka ƙara. Ya ce lauya ba ya juyawa ya yaƙi wanda ya tsaya wa a kan magana ɗaya, kuma abin da mutum ya gaya wa lauyansa a ofis amana ce, ko an bar aiki ba a barin ta. Na matsa masa ya gaya min ko ɗan kasuwar ya san gonar ta aro ce. Ya dube ni kawai. Da wannan amsar aka binne shi, ni ma ban san ta ba, zato kawai nake yi. Na ce to aƙalla ya fito ya gaya wa gari ba korarsa aka yi ba. Ya ce in ya ce ba kora ba ce za a tambaye shi mene ne, daga nan sai buɗe dosiyen mutane, da sunan tsohon da ya riga ya sha kunya sau ɗaya a gaban jama'a.

Duk wannan da na iya haɗiyewa. Abin da ya fasa tukunyar shi ne da ya ce yana so ya ba tsohon gonar mahaifinmu ta cikin kwari, wadda ba ta taɓa ba mu kunya ba, kuma ina da rabo a ciki. Na ce shi ya yi zunubi ni zan biya? Na ce wannan ba tuba ba ce, girman kai ne ya sake riga, yana so ya fi kowa tsarki kamar yadda ya fi kowa baki. Na ce ya tuɓe mana zane a kasuwa. Har da abin da ba zan rubuta ba na faɗa. Bai rama ba, wannan ya ƙara min haushi, don ban saba ganin Yaya ya bar gardama ba. Damina guda ban taka gidansa ba. Ya je da rabonsa shi kaɗai ya miƙa wa tsohon, tsohon ya ce shi ba barar gona yake yi ba, tasa yake so. Bayan shekara biyu tsohon ya rasu bai same ta ba.

Da kakar shekarar rigimarmu ta yi, an riga an dawo da ni Filinge da aiki, ina zaune a gidana sai ga Yaya da rana tsaka, da dami a ka, yana haki, maƙwabta sun fito suna kallon Metir da kaya. Ya sauke a ƙofata. Ya ce ya noma rabona tare da nasa, don haka aro ne a hannunsa, ga damin shaidata, kuma kada in kuskura in yafe. Na dubi damin, zangarkun sirara kamar jelar ɓera, don noman Yaya bai gyaru ba har ya mutu. Dariya ta ƙwace min, kuka ya biyo ta. Tun daga ranar bai taɓa fashi ba. Na bana ya iso kwana huɗu kafin rasuwarsa, a amalanke, don wuyansa ya daina ɗaukar kaya.

Sauran rayuwarsa a gindin itacen bedi na ƙofar gidansa ya yi ta. Ranar kasuwa mutane kan yi layi da takardun da ba su iya karantawa ba, sammaci, takardar fili, wasiƙar ofis. Ya karanta, ya fassara, ya gaya wa mutum inda ya tsaya ko da ba zai ji daɗi ba. Amma bai sake rubuta wa kowa ƙara ba, bai sake taka gidan shari'a ba. In magana ta kai ta lauya sai ya ce a tafi wajen masu riga, shi ya tuɓe tasa. Wani mai hali ya taɓa zuwa ya ce ba sai ya fito ba, ya dai tsara masa abin da zai faɗa a ɓoye, a kan wata gona. Yaya ya tambaye shi ko kakansa yana kai dami. Mutumin ya fara kame-kame, Yaya ya kira matarsa ya ce ta kawo wa baƙo ruwa zai tafi. Masu ce masa Metir kuwa ya yi ta hana su har ya gaji, don a garin nan suna in ya kama mutum ya kama.

Har da limamin unguwarmu sun taɓa haɗuwa. Wata shekara da damina ta yi gardama, liman ya yi wa'azi cewa masu gonaki su ji tausayi su yafe wa masu aro damin bana. Magana ce mai kyau, kowa ya gyaɗa kai. Ana sallamewa Yaya ya miƙe ya ce a gafarce shi, wannan tausayin ne ke haifar da shari'a bayan an mutu. Ya ce mai gona ya karɓi ko zangarniya ɗaya ce a gaban shaidu, in ya so ya bi mutumin gida da dami goma sadaka. Liman ya ji zafi, ya ce masallaci ba kotu ba ce. Suka yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su. Daga baya an ga liman da kansa yana karɓar zangarniya a ƙofar gidansa, ya tara maƙwabta, fuska a murtuke. Shi ya yi wa Yaya salla.

Matar Yaya ita ce ta biya abin da ni na ƙi biya. Ta bar gida mai famfo ta dawo daka da jan guga, ba ta taɓa kai ƙararsa wajen kowa ba. Na taɓa zungurar ta ko ba ta kewar Yamai. Ta ce can yana da mota ba ya da barci, nan kuwa minsharinsa har awaki yake firgitawa, ita ta zaɓi minshari. Ni dai ban kai ta haƙuri ba. Har gobe ina ganin akwai taurin kai cikin abin da ya yi, na kuma sha gaya masa. Amma ina son sa, ina kewarsa, kuma ban san mutum na biyu da ya hukunta kansa a kan abin da duniya ta tafa masa ba.

Ranar sadakar bakwai gida ya sake cika. Ana rabon gumba sai wata mata sa'ata ta shigo, ƙafafunta duk ƙura, da alama daga tasha ta tako. Babu wanda ya san ta. Ta yi gaisuwa, ta zauna a bakin tabarma, aka miƙa mata ta ce ta gode. Da hayaniya ta lafa sai ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma har na bakin murhu sun ji.

"Ni ɗiyar wanda anka amshe ma gona ta. Ban zaka yahiya ba, gonag ga har yau tana hannunsu, na biyo ta gehenta na ga hatsinta. Na jiya kasuwar Tabla ana hwaɗin korar shi anka yi, shi yas sa niz zaka."

Ban san abin da ta ɗauko ba. Na aika a kira babban ɗan Yaya daga wajen maza, ya tsaya a bakin zaure. Ta ce bayan shari'ar da 'yan kwanaki, tun kafin ya rubuta wa kowa komai, Yaya ya zo ƙauyensu. Ya bar motarsa a bayan gari ya tako da ƙafa, ya cire takalmi, ya tsuguna gaban mahaifinta. Ita ta kawo masa ruwa, don haka a kunnenta aka yi. Ya ce wa tsohon zai bar aikin. Wannan zuwan ko matarsa ba ta san da shi ba, balle ni. Ta ce mahaifinta ya ce masa kada ya bari.

"Yac ce mai, in kai da kaj ji kunya ka hita, wa kab bar muna ciki? Shi ko yac ce, Baba, na san bakina. In nit tsaya gaban alƙali ci nika so, ko wa za ya hwaɗi. Babana ya hana shi, bai hanu ba. Mutumin da anka roƙa shi tsaya yaƙ ƙiya, shi kuka cewa an kora?"

Masu amin na ranar farko suna nan a zaune, kowa ta sami abin kallo a cikin tafin hannunta. Matar ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce motar garinsu ba ta jira. Na bi ta har waje, na riƙe mata hannu, na yi tambayar da ta fi ƙarfina, ko mahaifinta ya yafe masa kafin ya rasu. Ta ce ba ta taɓa jin ya ce ya yafe ba, ba ta kuma taɓa jin ya zage shi ba.

"Suna can su biyu yanzu. Su ƙare maganarsu."

Ta tafi ba ta waiwayo ba. To ga shi nan, na rubuta. Ni na so ya tsaya, shugaban lauyoyi ya so ya tsaya, har mutumin da ya kayar ya so ya tsaya, ya ƙi mu duka ya fita da ƙafarsa. Wanda bai gamsu ba kada ya zo wajena, ni ƙanwa ce, za a ce son kai. Ya hau mota ya je gabas da Tabla ya gaya wa matar nan ƙarya take yi.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan tsohon da ya ƙi rantsuwa. Allah ya sa in sun tsaya gabansa tsohon ya sassauta, don Yaya ya tafi inda ba a ɗaukar lauya.